Ra'ayi: An kira sunan ɗan wasa, to wa zai biya masa kuɗin komawa gida?

Ranar Talata, 2 ga watan Afrilun 2019, ɗaruruwan ƴan wasan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka sun tashi da shirin wasan ƙarshen mako, amma kafin rana ta faɗi sun zama marasa aikin yi. Gasar da suke bugawa, mai suna AAF, ta dakatar da komai bayan mako takwas kacal da farawa, saura mako biyu a kammala wasannin rukuni. Kafofin watsa labaran Amurka sun ruwaito yadda wasu ƴan wasan suka tarar ba su da sauran ɗaki a otal, wasu suka sayi tikitin jirgin komawa gida da kuɗin aljihunsu, waɗanda ke jinyar karaya kuma suka shiga neman wanda za su tambaya batun kuɗin asibiti.

Wata huɗu da ƴan kwanaki kafin nan, ranar 27 ga Nuwamban 2018, wannan gasar ce ta shirya gagarumin biki a birnin Las Vegas, aka nuna kai tsaye a talabijin, inda kulob takwas suka zaɓi masu jefa ƙwallonsu ɗaya bayan ɗaya. An yi wa ƴan wasa kwantiragin shekara uku kan dalar Amurka 250,000 kowannensu. Da gasar ta je kotu a tsakiyar watan Afrilu ta bayyana karayar arzikinta, takardunta sun nuna dukiyar da ta rage dala miliyan 11.3 ce, bashin da ke kanta kuwa ya haura dala miliyan 48.

Tun daga lokacin, kusan kowace shekara sai an sake irin wannan biki a wata ƙaramar gasa: a kira sunaye, a ba matashi hula da riga, iyayensa su yi kukan murna, a yaɗa hoton a Facebook da Instagram. Ba laifi ba ne a yi murna. Sai dai wannan tsari na zaɓen ƴan wasa yana karɓe wa matashi ƴancin zaɓar inda zai yi aiki, kuma duk wanda ya karɓe wa mutum wannan ƴanci, wajibi ne ya ba shi tabbaci a madadinsa. Babbar gasar NFL tana biyan wannan farashi. Ƙananan gasannin sun kwaikwayi bikin, amma har yanzu ba su gama biyan farashin ba.

Yadda ake rabon

Ga mai karatun da bai saba da wasan ba, ana buga shi ne da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 11 a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa. Ana gudu da ƙwallon a hannu ko a jefa ta, abokan hamayya kuma su yi ta ƙoƙarin kayar da mai riƙe da ita, kamar dai an haɗa kokawa da tsere a fili guda. Shi ne wasan da ya fi kowane farin jini a Amurka, kuma NFL ce uwar gasa, da kulob 32, kowane da ƴan wasa 53 a babban jerinsa.

Waɗannan kulob ba su da makarantun rainon yara irin na Barcelona ko Ajax. Jami'o'i ne ke rainon ƴan wasa. A watan Afrilun kowace shekara sai kulob ɗin su zauna su raba waɗanda suka fito daga jami'a, abin da Amurkawa ke kira diraf. Kulob ɗin da ya zo na kashin baya a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa, zakara shi ne na ƙarshe, a yi ta zagayawa har sau bakwai, a ɗauki mutum 250 da ƴan kai. An fara haka ne a 1936 bisa shawarar Bert Bell, mai kulob ɗin Philadelphia Eagles, wanda ya gaji da ganin masu kuɗi na kwashe gwanayen yara suna barin sauran da ragowa.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ga abin banbaraƙwai. Yaron da ya yi fice a filin unguwa a Zinder ko Maradi, idan Sahel SC da AS FAN suka neme shi lokaci guda, shi da iyayensa ne za su duba su zaɓa. A Turai ma, tun hukuncin Bosman na 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da damar tafiya inda ya ga dama. A tsarin Amurka kuwa, kulob ɗin da ya kira sunan yaro shi kaɗai ke da ikon ɗaukarsa. Ko ya sa hannu, ko ya zauna a gida.

Alƙaluman hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, sun nuna waɗanda NFL ke zaɓa ba su kai kashi 2 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga zaɓen ba. Saura dubbai, ƙarti majiya ƙarfi masu shekara 22 ko 23, da yawansu ba su san wata sana'a ba tun suna yara. A kan waɗannan ragowar ne ƙananan gasanni ke kafa kasuwarsu, suna buga wasa daga Fabrairu ko Maris zuwa Yuni, lokacin da NFL ke hutu.

Kasuwar da ta saba watsewa

Tarihin wannan kasuwa ba mai daɗin ji ba ne. Tsohuwar gasar USFL ta yi kaka uku, daga 1983 zuwa 1985. Ta kai NFL kotu kan mamaye kasuwa, ta kuma yi nasara, amma diyyar da aka yanke mata dala ɗaya ce, wadda doka ta ninka zuwa dala uku. Cikin masu kulob a lokacin har da Donald Trump, mai New Jersey Generals. Gasar XFL ta farko, ta attajirin kokawar talabijin Vince McMahon, kaka ɗaya ta yi a 2001 ta rufe.

McMahon ya sake gwadawa. A ranakun 15 da 16 ga Oktoban 2019 sabuwar XFL ta yi nata zaɓen ta wayar tarho, kulob takwas, kowane ya tara mutum 71. An fara raba wa kowane kulob babban mai jefa ƙwallo guda, sannan aka bi sauran gurabe rukuni-rukuni. Matsakaicin abin da aka ce ɗan wasa zai samu a kaka shi ne dala 55,000. An fara wasa ranar 8 ga Fabrairun 2020, aka yi mako biyar, sai annobar korona ta tsayar da komai. Ranar 13 ga Afrilu kamfanin ya je kotu ya ce ya karye. A watan Agusta jarumin fim Dwayne Johnson da abokiyar kasuwancinsa Dany Garcia da kamfanin RedBird Capital suka saye gasar baki ɗayanta kan dala miliyan 15.

Sai kuma sabuwar USFL ta gidan talabijin na Fox, wadda ta yi zaɓenta a ranakun 22 da 23 ga Fabrairun 2022 a birnin Birmingham na jihar Alabama. Zagaye 35 aka yi, kowane zagaye da gurbin da ake cikewa. Wanda aka fara kira shi ne Shea Patterson, tsohon mai jefa ƙwallo na Jami'ar Michigan, kuma kulob ɗin Michigan Panthers ne ya ɗauke shi. Kafin kakar mako goma ta ƙare, kulob ɗin ya sallame shi. Idan wanda aka fara kira cikin ɗaruruwa bai kai ƙarshen kaka a kulob ɗinsa ba, ina ga wanda aka kira a zagaye na talatin?

Albashin wannan shekarar dala 4,500 ne a mako, kuma ƴan wasa na biyan wani ɓangare na kuɗin otal daga ciki. A shekarar ce kuma wani shirin talabijin na gasar ya nuna kocin Pittsburgh Maulers yana sallamar ɗan wasa De'Veon Smith tun kafin wasan farko, bayan wata taƙaddama da ta taso kan abinci: Smith ya ce fiza ya nema maimakon abin da aka dafa, kulob ɗin ya ce rashin ladabi ga ma'aikata da saɓa dokoki ne suka jawo korar. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, abin lura shi ne babu wata ƙungiyar ƙwadago da Smith zai kai wa ƙara a ranar, kuma an nuna wa duniya korarsa don nishaɗin ƴan kallo.

Cinikin da ke ƙarƙashin zaɓen

Me ya sa ƙasar da ke alfahari da ƴancin kasuwa ta yarda a tilasta wa ma'aikaci inda zai yi aiki? Amsar tana cikin labarin James Smith, wanda ake wa laƙabi da Yazoo. Kulob ɗin Washington ya zaɓe shi a zagayen farko a 1968. A wasan ƙarshe na kakarsa ta farko ya ji mummunan rauni a wuya, wasa ya ƙare masa ke nan. Sai ya kai ƙara, yana mai cewa da an bar shi ya yi ciniki da kulob da yawa, da ya samu kwantiragin da zai kare shi daga irin wannan rana. A 1976 kotu ta ba shi gaskiya, ta ce tsarin zaɓen ya saɓa wa dokar hana mamaye kasuwa, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a 1978.

Abin da ya ceci tsarin shi ne yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa. Doka ta yarda da zaɓen ne idan ma'aikata da kansu, ta bakin ƙungiyarsu, suka amince da shi a cikin ciniki. Wato ƴan wasan NFL sayar da ƴancin zaɓinsu suka yi, kuma da tsada. A ƙarƙashin yarjejeniyar 2020 suna samun kusan kashi 48 cikin 100 na kuɗin shigar gasar. Mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a 2024 dala 795,000 ne a shekara. Wanda ya cika kaka uku yana da fansho, da inshorar lafiya ta shekara biyar bayan ya daina wasa. Sama da duka, yaron da aka kira sunansa ya san baɗi gasar tana nan.

A ƙananan gasanni lamarin ya sha bamban tun daga tushe. A XFL ta 2020 kamfanin McMahon ne ya mallaki dukkan kulob takwas. Haka AAF, haka USFL, haka UFL ta yanzu: gasar ce mai kulob ɗin, da ita ɗan wasa ke sa hannu, ita ke yanke albashi kusan bai ɗaya ga kowa. Ke nan abin da ake kira zaɓe a nan, kamfani ɗaya ne ke rarraba ma'aikatansa zuwa rassansa, kamar yadda mai kamfanin motocin sufuri zai ce wannan direba ya kama hanyar Tahoua, wancan ta Diffa. Babu ciniki tun farko, balle a ce an hana shi.

Kuma igiyar ba ta kwancewa da sauƙi. Galibin kwantiragin na ba ɗan wasa damar tafiya ne kawai idan NFL ta kira shi. Da AAF ta rushe, ta saki ƴan wasanta su tafi NFL cikin kwanaki, amma masu son zuwa gasar Kanada sun ci karo da cikas, domin kwantiraginsu ya shiga lissafin kadarorin kamfanin da ya karye. Albashi ya tsaya, amma takardar da ta ɗaure mutum ba ta tsaya ba.

Ƙofar gaskiya ce

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Masu kare waɗannan gasanni na cewa da babu gara ba daɗi, kuma suna da hujjoji masu rai.

Brandon Aubrey ɗan ƙwallon ƙafa ne, mai tsaron baya a Jami'ar Notre Dame. Toronto FC ta zaɓe shi a zagayen farko a 2017, amma bai samu shiga babban kulob ba, bayan shekara biyu ya ajiye takalma ya kama aikin injiniyan manhajar kwamfuta a Texas. Daga nan ya fara koyon buga ƙwallon zari-ruga tsakanin sanduna, yana atisaye bayan tashi daga aiki har kusan shekara uku. Babu kulob ɗin NFL da zai kalli mutumin da bai taɓa buga wasan a jami'a ba. Birmingham Stallions ce ta zaɓe shi a 2022, ya ci kofi biyu a jere da ita, Dallas Cowboys ta ɗauke shi a 2023, ya kuma ci bugunsa 35 na farko ba kuskure, abin da babu wanda ya taɓa yi a farkon shigarsa NFL.

KaVontae Turpin ya yi yawon neman wasa har ƙasar Poland kafin New Jersey Generals ta zaɓe shi a 2022. Ya zama gwarzon ɗan wasan gasar, shi ma Dallas ta ɗauke shi, a kakarsa ta farko aka sa shi cikin zaratan NFL. Jake Bates yana sayar da bulo ne a Texas lokacin da Michigan Panthers ta ba shi dama. A wasansa na farko a 2024 ya ci bugu daga nisan yadi 64, wajen mita 58, cikin ƴan watanni ya zama ɗan Detroit Lions. P.J. Walker ya yi wasa biyar kacal a XFL ta 2020, suka ishe shi samun gurbi a Carolina Panthers.

Waɗannan mutane ba tatsuniya ba ne, kuma da babu ƙananan gasannin da babu wanda ya san su. Tsarin zaɓen ma yana da amfaninsa: yana hana kulob ɗaya tattare gwanaye, yana sa wasa ya yi armashi, armashin kuma shi ke kawo kuɗin talabijin da ake biyan kowa da shi. Sannan ba za a ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba, domin gardin ma asara yake tafkawa. Attajiri Tom Dundon, wanda ya yi alkawarin zuba dala miliyan 250 a AAF, an ruwaito ya yi asarar kusan miliyan 70 kafin ya janye hannunsa.

Sai dai asarar ba iri ɗaya ba ce. Dundon ya koma ga sauran harkokinsa, har da kulob ɗinsa na wasan ƙwallon ƙanƙara, Carolina Hurricanes. Ɗan wasan da jijiyar gwiwarsa ta tsinke a mako na bakwai ba shi da wata gwiwar a ajiye. Kuma sunayen da aka lissafa a sama ana iya ƙirga irinsu da yatsu, alhali waɗanda aka kira a zaɓukan 2018 zuwa yau sun kai dubbai. Kowace shekara gomman ƴan wasan ƙananan gasanni na sa hannu da kulob ɗin NFL a lokacin atisayen share fage, amma mafi yawansu ana sallamarsu a ƙarshen watan Agusta, lokacin da ake rage jeri zuwa 53.

Zaɓe na biyu, na rage mutane

Wanda ke son ganin ainihin fuskar wannan tsari, ya dubi watan Janairun 2024. Ranar 31 ga Disamban 2023 aka sanar da haɗewar XFL da USFL zuwa gasa ɗaya mai suna UFL. Kulob 16 suka koma takwas. Pittsburgh Maulers, wadda ta buga wasan ƙarshe na USFL wata shida kafin nan, tana cikin waɗanda aka shafe. Haka New Jersey Generals da Turpin ya yi fice a cikinta, da Seattle Sea Dragons, da Philadelphia Stars.

Sai aka sake shirya zaɓe, wannan karon don kulob ɗin da suka rage su tsinci waɗanda suke so daga cikin ƴan wasan da aka rushe wa gida. Kusan rabin guraben aiki sun ɓace cikin mako biyu. Mutumin da aka yi wa bikin zaɓe a 2022 ko 2023, ya kwashe iyalinsa ko ya bar wani aiki, ya sake zama gaban waya yana jiran a kira shi karo na biyu. Wanda ba a kira ba, shi ke nan. Ba a kore shi don ya gaza ba, masu hannun jari ne suka daidaita lissafinsu.

A watan Yulin 2024 kuma UFL ta zaɓi sababbin ƴan jami'a 80, da yawansu a lokacin suna sansanin atisayen kulob ɗin NFL. Ma'anar wannan zaɓe ita ce kamun fili: idan NFL ta sallami yaron, an riga an san reshen da zai faɗa.

Jiki ne jarin

Albashin UFL a 2024 dala 5,500 ne a mako, wato dala 55,000 ga wanda ya buga dukkan wasanni goma. Idan aka juya shi zuwa kuɗin Sefa ya haura miliyan 30, adadin da zai sa matashi a Niamey ya riƙe baki. Amma duk ɗan ci-ranin da ke biyan haya a New York zai iya yi masa bayani. A cire haraji, a cire kason wakili, a cire kuɗin mai horarwa da abinci na musamman na wata takwas ɗin da babu wasa, sannan a tuna cewa a Amurka kwana ɗaya a asibiti ba tare da inshora ba na iya cinye albashin watanni.

Wannan wasa kuwa jiki yake ci. Likitan da ya fara ganowa a ƙwaƙwalwar ɗan wasan NFL cewa yawan karon kai na haddasa wata cuta mai lalata tunani sannu a hankali, wadda ake kira CTE, ɗan asalin Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu. Ya gano ta ne a 2002 a Pittsburgh, lokacin da ya binciki gawar tsohon ɗan wasa Mike Webster, ya kuma wallafa sakamakon a 2005. Wani bincike na Jami'ar Boston a 2017 ya samu alamun cutar a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin ƴan NFL da iyalansu suka bayar. Iyalan da suka ga alamun rashin lafiya ne suka fi bayarwa, don haka adadin ba ya nufin kowa zai kamu. Amma karon da ake yi a filin Birmingham ko St. Louis bai fi na Dallas taushi ba. Albashin ne kawai ya bambanta, da abin da ke biyo baya idan mutum ya tsufa.

Ƴan wasan sun fahimci haka. Na USFL sun kafa ƙungiyar ƙwadago a 2022 tare da taimakon ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta United Steelworkers, suka samu ƙarin albashi da tallafin masauki. Na XFL kuwa sun kaɗa ƙuri'ar ƙin shiga a 2023. A farkon 2025 masu jefa ƙwallo na UFL sun ƙaurace wa wani atisaye don neman inshorar lafiya da za ta wuce lokacin wasa, aka fara kaka babu yarjejeniya, sai a watan Afrilu aka daidaita: albashi ya ƙaru zuwa kusan dala 62,000, aka kuma faɗaɗa inshorar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ba su kyauta.

Abin da ya kamata

Ba a buƙatar rushe tsarin zaɓen. Abin da ake buƙata shi ne a sa masa sharaɗi. Duk gasar da ke son ikon rarraba matasa, ta fara ajiye albashin kaka guda cikakke a wani asusu da ba ta da ikon taɓawa, tare da kuɗin komawar kowa gida. Inshorar raunin da aka ji a fili ta ci gaba har mutum ya warke, ko gasar na raye ko ta mutu. Kuma ranar da albashi ya tsaya, igiyar kwantiragi ta tsinke a ranar. Attajirin da ba zai iya waɗannan ba, bai shirya buɗe gasa ba, gwaji yake yi da jikin ƴaƴan mutane. Da an yi wa AAF wannan sharaɗi a Nuwamban 2018, ko dai ba a yi bikin Las Vegas ba, ko kuma ba a bar kowa a bakin otal da jaka a hannu ba.

Maganar ba ta yi nisa da masu karatun wannan shafi kamar yadda ake zato ba. Ƴaƴan ƴan Nijar da ke tasowa a Greensboro ko Bronx suna shiga makarantun sakandaren da wannan wasa ke da daraja, kuma yaro mai tsawo da ƙira ba ya daɗewa koci bai yi masa magana ba. A nahiyar Afirka ma NFL ta fara farauta: tsohon ɗan wasa Osi Umenyiora ya jagoranci sansanin gwaji a Ghana a 2022, aka yi a Kenya a 2023, sannan a Legas a 2024, kuma tun 2024 kowane kulob na da gurbi guda na musamman a rukunin masu atisaye don ɗan ƙasar waje. Gurbi 32 ke nan ga duk duniya. Inda ƙofa ta yi ƙanƙanta haka, ƴan damfara ba sa nisa, kamar yadda iyalai da dama suka gani a harkar kai yara gwajin ƙwallon ƙafa ƙasashen waje. Babu wanda ke da ikon sayar wa kowa gurbi a zaɓen ƴan wasa.

Ga uban da ɗansa ya kamu da son wasan a Amurka, ribar da ta fi tabbas ita ce gurbin karatun jami'a kyauta da wasan ke iya samar wa yaro. Aubrey ya iya jiran shekara uku yana atisaye ne domin yana da digiri da albashin injiniya. Ga matashin da wata ƙaramar gasa ta kira sunansa kuwa, a taya shi murna, sannan kafin ya sa hannu a zaunar da shi a karanta takardar tare: nawa ne tabbas ko da an sallame shi, wa zai biya asibiti bayan watan Yuni, kuma idan gasar ta rufe ranar wata Talata, wa zai saya masa tikitin komawa gida.